Farar Gonar Bayan Dutse

Rurum Tsohon Gari,
5 ga Agusta, 2024

Zuwa ga ƙanwata Bushra, Likitar Fara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman ƙasar Sifen, ya kewar tuwon dawa? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Damina ta yi albarka, dawar gonarmu ta bayan dutse har ta fi Malam tsawo. Malam yana gaishe ki. Hajiya surukata ma tana gaishe ki, ƙafar ce dai take taɓa ta.

Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, amma ke ba kya tuna hanyar Rurum sai kina neman fara. Tun girbin bara da kika zo kika sa mu bin kara da asuba, ni da Hidaya, muna cika miki 'yan kwalabe, ban ji abin da kika gani a cikinsu ba. Ni dai abin da na sani game da fara shi ne a kama ta da raɓa kafin rana ta ɗumama mata fiffike, a zuba ta a tafasasshen ruwa, a shanya, a fige, a soya da yaji. Na daɗe ina wannan sana'a ban taɓa jin tana da wani sirri ba. Ke kuma saboda ita aka ɗauke ki a jirgi.

Hidaya ta cika shekara shida. Maganarta ta ƙaru, yanzu tana haɗa kalma uku har huɗu. Ita ce mai fige min fiffike, tana fige biyu tana cin ɗaya. Da ta ga ƙaramar kwalba sai ta ce "Anti Fala", ke ke nan.

Kada ki sake ce min in kira ki a waya. Gidan nan ko tari na yi sai an ji a kowane ɗaki, kuma sai mutum ya hau dutse yake samun sabis. Takarda ta fi min. Afra'u tela, ƙawata ta Rano, za ta ɗauki hoton wannan ta tura miki kamar yadda muka saba, taki kuma ta bugo min idan an sami mai zuwa.

Ina da labari, kuma ban yarda ki yi min dariya ba. Da tsufana, shekara arba'in da ɗaya, Allah ya sake ba ni. Wata shida ke nan. Kwaɗayin ma irin na cikin Hidaya ne, fara dai fara dai. Busasshiyar bara da na ajiye don sayarwa ni nake cinye ta, har Malam yana cewa a gidan nan mai sana'a ita ce babbar mai ciniki.

Ki sa ni a addu'a.

Yayarki,
Jumai

*

Sifen,
17 ga Agusta, 2024

Yaya Jumai,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarki, na karanta ta sau uku, kuma na yi dariyar da kika hana ni. Ma sha Allah, Yaya. Allah ya raba lafiya, ya sa ina gida za a yi suna. Ni lafiyata ƙalau, sai zafi, don nan ma ana rana kamar ta Rano. Ki gaishe min da Malam, ki yi wa Hajiya sannu da ƙafa, ki sumbaci Hidaya ki ce inji Anti Fala.

Kin tambayi kwalabe, to gyara zama, don na sami abin da nake nema kuma a gonarku na same shi.

Jikin kowane mai rai ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan sanduna da muke kira kuromosom. Su ke ɗauke da gadon halitta, launi da tsawon ƙafa da komai. Kowace irin halitta da adadin nata. Namijin irin farar da muka kama yana da ashirin da uku. To ranar da na sa ta gonar bayan dutse a madubin ƙara girma, na ƙirga na sake ƙirgawa, sai ga ashirin da huɗu, wani ma da biyar. Akwai ƙari, Yaya. Wadda muka kamo a Kibiya ɗaya tak na samu da shi a duk kwalaben. Ta gonarku kuwa kusan rabi tana ɗauke da shi. Sai da na fita waje na sha iska don murna.

Wannan ƙarin muna kiransa B. Cima-zaune ne na gaske. Ba a gayyace shi ba, ba ya tsinana komai, kuma ba ya tafiya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wayonsa. Ta wajen uwa ya fi shiga. Idan uwa tana ɗauke da shi, yana da dabarar cusa kansa cikin ƙwai ko ba a so, ya bi 'ya'ya, su ma su ba nasu. Aikina shi ne in gano daga ina ya fito da farko, da yadda ya yi ta sauyawa har ya kai haka. Malamina ya ce idan na amsa wannan, karatuna ya ƙare.

Saboda haka ina roƙon arziki. Idan fara ta fara bana, ki sake kama min ta wannan gonar, maza da mata, zan aiko da kwalabe ta hannun Afra'u. Amma kada ki wahalar da kanki da wannan nauyin, ki sa a taya ki.

Ƙarshen watan nan za mu hau duwatsu kamun farar nan ƙasar, za mu jima a can. An ce babu sabis, kin ga na zama 'yar Rurum.

Ƙanwarki,
Bushra

*

Rurum Tsohon Gari,
28 ga Agusta, 2024

Bushra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Mu ma lafiya, kowa yana gaishe ki.

Wasiƙarki ta zo. Na fara karanta ta a tsaye a bakin murhu ina murmushi, har na kai inda kika ce akwai ƙari. Sai na nemi wuri na zauna. Tun daga lokacin hankalina bai dawo jikina ba.

Ke kina makaranta lokacin, ba ki san yadda aka yi ba. Hidaya tana wata takwas ba ta iya riƙe wuyanta ba, muka kai ta babban asibiti a Kano. Bayan an ɗebi jini, likitan ya zaunar da mu ni da Malam. Ya jawo takarda ya yi ta zana 'yan sanduna bibbiyu, har ya zo wani wuri ya zana uku. Ya ce kowa arba'in da shida gare shi, ita arba'in da bakwai. Ya buɗe tafin hannunta ya nuna min zane ɗaya da ya ratsa shi, maimakon biyu. Kalmar nan taki, kuromosom, a bakinsa na fara jin ta, kuma ban sake jin ta ba sai a takardarki.

Kin san abin da aka yi ta faɗa a gidan nan. Hajiya ta ce fitar magariba nake yi da ciki, aljanu suka musanya min. Wata ta ce wanka na yi a rafi. Abin da na riƙe na tsaya da ƙafata shi ne maganar likitan nan. Ya ce ba abin da na yi, ba abin da na bari, haka Allah ya tsara. Duk shekarun nan da wannan maganar nake rufe bakin kowa.

Amma likitan bai tambaye ni me na ci ba. Shekarar da na sami cikin Hidaya fara ta yi yawa a gonar bayan dutse. A farkon cikin, tuwo ba ya zama min, ita ce abincina safe da yamma. Yanzu ke kin ce rabin farar gonar nan tana da ƙari. Kin ce ta wajen uwa yake shiga. Kin ce yana cusa kansa ko ba a so. Ni ban yi karatunki ba, amma na gama sakandare, ina gane magana idan an faɗa.

Ki faɗa min gaskiya, kada ki lallashe ni. Ni na ba Hidaya wannan abu da bakina? Kuma wannan da ke cikina, wanda wata shida nake ɗura masa farar gonar nan, shi ma na ba shi ke nan? Idan akwai abin da ake sha ya fita tun kafin haihuwa, ki rubuto min sunansa.

Sai kuma sunan da kika sa masa, cima-zaune. Na san da fara kike. Amma na taɓa jin an kira Hidaya da shi a gidan biki, ana zaton ban ji ba.

Ina tsoro, Bushra. Ban faɗa wa kowa ba. Ki amsa min da wuri.

Jumai

*

Sifen,
26 ga Agusta, 2024

Yaya Jumai,

Salam, ina fatan kuna lafiya. A tsaye nake rubuta miki, mota tana jira. Maganar farar gonar bayan dutse, a dakata. Kada ki taɓa ta bana tukuna. An sami matsala, bayanin yana da tsawo, sai na sauko zan yi miki shi a tsanake. Ki kula da kanki da na cikin.

Bushra

*

Rurum Tsohon Gari,
21 ga Satumba, 2024

Bushra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauko lafiya. Mu muna nan. An fara yankan gero, Hajiya ta sami sauƙin ƙafa, ni kuma ƙafafuna ne suka kumbura.

Ɗan guntun saƙonki ya iso, Afra'u ta aiko min da shi cikin ledar ɗinki. Na gane. Na roƙe ki kada ki lallashe ni, kuma ba ki lallashe ni ba, na gode. Da ba gaskiya ba ne da kin ce a'a, kalma ɗaya ce, ko a tsaye ana iya rubuta ta.

Ragowar busasshiyar na haƙa rami a bayan gida na binne ta, don ko kaji ban yarda su ci ba. Kaskon suya na wanke na kife a saman rumfa. Fara ta fara fitowa, ana kawo min a buhu kamar kullum ina mayarwa. Na ce wa Malam warin mai ne ba na so.

Kin tuna Nana Khadija, amaryar maƙwabtanmu? Cikin fari gare ta. Shekaranjiya ta shigo da kwanonta ta ce, "Yaya Jumai, ko ta ɗanɗano ce ki taimaka min, bakina ba ya karɓar komai." Na ce babu. Ta ce ai ta ga an shigo da buhu. Na ce na daina, kuma ita ma kada ta saya a wajen kowa. Ta tambaye ni dalili, na bar ta a tsaye na shige ɗaki. Tun daga nan nake ta tuno matan da suka ci farata da ciki. Daga nan har Yalwa babu layin da ban kai kwano ba. Duk yaron da na gani a hanya sai na ƙura wa idonsa ido.

Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Jiya da la'asar Hidaya ta kama wani babe a jikin danga. Ta fige shi tsaf yadda na koya mata, ta jefa a garwashi, ta raba biyu ta kawo min rabi. Ta ce, "Umma, ci." Ban san lokacin da na buge hannunta ba. Na kuma mare ta. Tun da na haifi yarinyar nan ban taɓa ɗaga mata hannu ba, wanda ya harare ta ma sai ya gamu da ni. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana duban farar a ƙasa, tana duban hannuna. Da na miƙa hannu in jawo ta sai ta kare fuskarta.

Me zan ce mata? Ita abin da ta sani shi ne fara aikinmu ce ni da ita. Kuma ko me ta ci yanzu ai aikin gama ya gama, ni kaina na san haka, amma hannuna ya riga ni.

Na cikin yana motsi sosai. Da can idan ya motsa daɗi nake ji, yanzu gabana ne yake faɗuwa. Ba ki ce komai a kan magani ba. Idan babu, ki ce babu.

Jumai

*

Rurum Tsohon Gari,
9 ga Oktoba, 2024

Bushra,

Assalamu alaikum. Lafiya dai? Shirun ya yi yawa. Afra'u ta ce takarduna sun tafi amma alamar an buɗe ba ta fito ba. Ko ba ki sauko ba, ko kuwa kin rasa yadda za ki faɗa min ne?

Magana ta fara yawo. Nana Khadija ta faɗa wa uwar mijinta, ita kuma ta kawo wa Hajiya. Jiya Hajiya ta kira ni ɗakinta ta ce, "Jumai, mai sana'a ba ta kife kasko ana tsakiyar fara haka kawai. Me 'yar'uwarki ta gani a kwalaben nan?" Na ce ban sani ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta kalli Hidaya da ke kwance a gadonta. A ɗakinta take kwana yanzu, ta daina zuwa nawa. Idan na kira ta tana zuwa, amma hannuwanta a baya.

Ba na iya cin abinci. A awo sun ce jinina ya hau, sun tambaye ni ko ina da damuwa, na ce babu.

Na yanke shawara. Ranar Juma'a idan Malam ya dawo daga masallaci zan faɗa masa komai. Gara ya ji daga bakina kafin haihuwa, da ya gani a fuskar jariri. Duk shekarun nan yana tare min faɗa a wajen mahaifiyarsa a kan ba laifina ba ne. Ban san da wane ido zai dube ni ba. Daga nan kuma sai in bi gidajen da na kai wa kwano.

Ki yafe min idan na ɗora miki nauyi.

Jumai

*

Sifen,
11 ga Oktoba, 2024

Yaya Jumai,

Wa alaikumus salam. A'a. Ba ke ba ce, kuma ba fara ba ce. Na sa wannan a farko don ko ba ki karanta sauran ba.

Yau muka sauko, na kunna waya na ga wasiƙunki uku a jere. Na kira lambarki ba ta shiga. Na roƙi Afra'u ta bar ɗinki ta hau babur ta kawo miki wannan da hannunta.

Guntun saƙon nan ki duba kwanan watansa. Na rubuta shi kafin ki rubuta taki, ban ga tambayarki ba sam. Takardar izinin shigo da ƙwari ƙasar nan ce ba ta fito ba, na ce kada ki sha wahalar kamu a banza. Matsalar ke nan, babu wata.

Yanzu ki saurare ni. Kuromosom ba ya bi ta baki. Duk abin da kika ci, ciki yana narkar da shi. Kowace lomar tuwo cike take da kuromosom ɗin dawa, naman kaza da na kaza. Shekara nawa kina cin kaza, kin taɓa haifar mai fiffike? Da na ce ta wajen uwa yake shiga, uwar fara nake nufi, daga ita zuwa ƙwanta. Ba shi da hanyar zuwa jikin mutum.

Kuma ba daga waje ya zo wa farar ba. Abin da na gani zuwa yanzu yana nuna gutsure ne da ya ɓalle daga kuromosom ɗin ita kanta farar, tun da daɗewa, wataƙila tun ba a sari gonarku ba. Ya yi ta tara tarkace, ya koyi bin ƙwai. Su ma farar ba a zaune suke ba, a hankali jikinsu yana koyon taka masa birki, har ya rasa wayonsa, wani lokaci ya ɓace. Ta Kibiya ko dai ta kusa rabuwa da shi, ko bai kai can ba tukuna. Rigimarsu ce tsakaninsu, ba ta shafe ki ba.

Na Hidaya daban ne. Na mutum ne cikakke, daga gadonku ke da Malam. Wajen rabo, sanduna biyu suka tafi tare maimakon ɗaya, kuma hakan ya faru tun kafin ki san kina da ciki, tun kafin kwaɗayi ya zo. Yana faruwa a ƙasashen da ba su taɓa sa fara a baki ba. A layin da nake akwai wata budurwa irin Hidaya, a gidan burodi take aiki, ita take ba ni burodi kullum. Likitan Kano gaskiya ya faɗa miki, ki ci gaba da riƙe maganarsa.

Kin ce kada in lallashe ki, to ba zan yi ba. Ba zan iya rantse miki cewa na cikin ba zai zo da shi ba. Shekarun uwa suna ƙara yiwuwar hakan, kuma babu abin sha da ke canza shi. Amma mafi yawan mata masu shekarunki, nesa ba kusa ba, ba sa haifar mai shi. Ko ya zo ko bai zo ba, ba abin da kika ci ba ne. Abin da nake tsoro yanzu jininki ne. Ki ci abinci, ki koma awo, ki haihu a asibiti.

Sunan nan da na faɗa, na yi kuka da na karanta abin da kika ce. Na daɗe ina kallon abin nan a madubi har na manta a gidanmu akwai wadda aka taɓa zana wa sanduna uku. Ki yafe min. Yarinyar da ta cika min rabin kwalabena ba cima-zaune ba ce.

Ki sauke kaskon nan, Yaya.

Ƙanwarki,
Bushra

*

Rurum Tsohon Gari,
19 ga Nuwamba, 2024

Ƙanwata Bushra,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya sanyi? Na sauka lafiya ranar Lahadi a asibiti a Rano, namiji. Jinin ya ba su tsoro kaɗan amma ya sauka. Malam da Hajiya suna gaishe ki. Suna ranar Lahadi mai zuwa, za mu ci naman ba ke.

Na san Afra'u ta gaya miki wasiƙarki ta same ni, amma ba ta san sauran ba. Ta iso ranar Asabar da hantsi, ƙura har gira, ta tarar na riga na faɗa wa Malam. Ranar Juma'ar na zaunar da shi na kwashe komai na gaya masa, ina magana ina kallon tabarma. Da na gama ya ce, "Shekarar cikin Hidaya, wa yake fita da asuba ya kamo miki farar?" Na ce shi. Ya ce, "To idan za ki bi gidaje ki tsaya in sa takalmi." Kwana muka yi mu biyu muna tsoro, amma ya fi na ni kaɗai sauƙi.

Da takardarki ta zo na karanta masa a bayyane. Da na kai wajen kaza ya yi dariya har da tari, ni kuma na kasa ƙarasawa. Ya je ya yi wa Hajiya bayani. Ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ni dama na faɗa muku aljanu ne." Na bar mata kayanta.

Washegari na sauke kasko. Na soya ta gonar bayan dutse, na aika wa Nana Khadija cikin kwano har da ban haƙuri. Sannan na zuba a faranti na kira Hidaya. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, hannuwa a baya. Na miƙa mata, ta ƙi. Na ci ɗaya tana kallo, na ci ta biyu. Na ɗauki ta uku na raba biyu na ce, "Hidaya, ci." Ta daɗe tana duban hannuna kafin ta karɓa. Ba ta dawo ɗakina a ranar ba, sai da aka kwana biyu. Na yafe miki sunan nan, ke ma ki roƙa min ita ta yafe min marin.

Idan izininki ya fito ki aiko da kwalaben, amma fara ta wuce bana, sai baɗi. Ina son in ji ƙarshen rigimarsu da wannan B ɗin, tunda a gonata ake yin ta.

Na san abin da kike son tambaya. Ban sani ba, Bushra. Ungozoma ta ce lafiya lau, amma haka aka ce min ranar Hidaya. Fuskarsa a kumbure take irin ta jarirai, in na duba da safe in ga kamar haka, da yamma in ga kamar ba haka ba. Bayan suna za mu kai shi Kano a ɗebi jini. Tsoron yana nan, ba zan ɓoye miki ba. Hajiya ce take masa wanka, ni kuwa tun da aka miƙo min shi na kasa buɗe tafin hannunsa. Kullum a dunƙule yake, ni ma na bar shi a dunƙule.

Ɗazu ina shayar da shi Hidaya ta hau gado ta zauna a gefena. Ta kama hannunsa tana buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda take buɗe fiffiken fara. Na ce a raina yau dai zan gani. Na sunkuya in duba, sai ta sa yatsanta a tsakiyar tafin, daidai inda zanen yake, shi kuma ya damƙe. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, ya riƙe ni."

Ban janye hannunta ba. Har ya yi barci yana riƙe da ita.

Yayarki,
Jumai